Wutar da Ba a Yarda Ta Taɓa Bango Ba

Mahaifina mai walda ne. Ya haura shekara talatin a rumfarsa ta bakin titi a Zariya yana haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, kuma abu na farko da ya koya mini a wurin, tun ban iya ɗaga guduma ba, shi ne kada in kalli wutar. Wata rana ina ɗan shekara bakwai na tsaya a bayansa na ƙura mata ido, saboda ban taɓa ganin shuɗi mai kyau irin nata ba. Daren nan ban runtsa ba. Idanuna kamar an zuba musu yashi, Inna na zaune a kaina tana ɗora mini tsumma mai sanyi har aka kira assalatu.

Sai da na kai aji biyu a jami'a na san sunan abin da na kalla. Wannan ɗan hasken da ke tsayawa tsakanin bakin sandar walda da ƙarfen, tazarar da ba ta wuce kaurin ƙwayar shinkafa ba, shi masana ke kira filazma. Ƙanƙara in ta ji zafi ta zama ruwa, ruwa ya zama tururi, kowa ya san wannan. To in aka ci gaba da zuba wa tururin zafi, akwai inda ƙwayoyin zarra da kansu za su kasa riƙe 'ya'yansu. Ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye cibiyar zarra, sai su fizge su kama gabansu, a bar iska mai ɗauke da lantarki wadda maganaɗisu ke iya juyawa. Wani Ba'amurke mai suna Irving Langmuir ne ya raɗa mata wannan suna a 1928. Walƙiyar damina filazma ce. Abin da ke cikin doguwar fitilar nan fara ta ofis da aji ma ita ce. Rana kuwa gaba ɗayanta dunƙulen filazma ce, haka duk taurarin da muke gani in an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu.

Yanzu ina karatun digiri na uku a wata jami'a a Turai, kuma filazmar nan ce aikina safe da yamma. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambaya ɗaya da ake yi mini duk sanda na buɗe waya, daga 'yan uwa da abokan makaranta: wai an ce Turawa sun gano wutar lantarki da ba ta ƙarewa, yaushe za ta iso mu? Ina so in ba da amsar a tsanake sau ɗaya, yadda na ba Baba.

Shi ya fara yi mini ita. A tsakiyar Disambar 2022 ya kira ni da sassafe, abin da ba ya yi sai da dalili. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Na ji a rediyo wai Amurkawa sun kunna rana a cikin ɗaki. Ba irin aikin naku ba ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba, amma ba kamar yadda aka faɗa ba."

Ya ce, "To faɗa mini yadda yake."

Ga yadda yake. Makamashin nukiliya iri biyu ne. Wanda duniya ta saba da shi, wanda ake tono yuraniyum dominsa a Arlit ta Nijar, fasa babbar ƙwayar zarra ake yi gida biyu, zafi ya fito. Namu kishiyarsa ne: ƙananan ƙwayoyi biyu ake matsewa su haɗe su zama ɗaya. In ka auna abin da aka samu za ka ga bai kai nauyin biyun da aka haɗa ba, ɗan abin da ya ɓace shi ya koma zafi. Arthur Eddington ya yi hasashen cewa haka rana ke ci tun 1920, haidurojin na komawa hiliyum. A 1934 Mark Oliphant da Paul Harteck da Ernest Rutherford suka haɗa irin waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji a Kambirij. Wato abin ba sabo ba ne, ya girmi kakana.

Man da ake so a ƙona haidurojin ne mai nauyi, kala biyu. Na farko diyuteriyum, yana cikin ruwan teku da na rijiya, kusan ɗaya cikin kowace ƙwayar haidurojin 6,400. Na biyu tiritiyum, shi kuma zan dawo kansa, don akwai magana. Matsalar ita ce cibiyoyin nan duk lantarkinsu iri ɗaya ne, suna ture juna kamar yadda bakin maganaɗisu biyu masu kama ke ƙin haɗuwa. Sai an sa su gudu na fitar hankali kafin su yi karo su manne, gudun nan kuwa shi ne zafi. A tsakiyar rana digiri miliyan 15 ya isa, saboda nauyinta da kansa yana danne komai. Mu a ƙasa ba mu da wannan nauyin, don haka sai mun nemi digiri miliyan 100 zuwa 150.

Abin da aka yi a Kalifoniya ranar 5 ga Disamba 2022, a ɗakin gwajin Lawrence Livermore, shi ne an auna hasken leza 192, wato haske mai ƙarfi da aka tattara ya zama siririn tsinke, a kan wani ɗan ƙwanso da bai fi ƙwayar masoro ba, mai ɗauke da man nan a ciki. Hasken ya kai megajul 2.05 (megajul ma'aunin makamashi ne), abin da ya fito daga haɗewar ya kai 3.15. Karo na farko ke nan a ɗakin gwaji da man ya mayar da fiye da abin da aka zuba masa kai tsaye. Ni kaina da na karanta sanarwar sai da na tashi tsaye, don mutane sun ƙarar da rayuwarsu suna neman wannan rana, wasu sun mutu ba su gan ta ba. Amma na ce wa Baba ya ɗauko lissafin mitarsa. Yunit ɗaya na wutar da yake saye megajul 3.6 ne. Ke nan duk abin da ya fito bai cika yunit ɗaya ba. Na'urorin lezar kuwa, kafin su ba da wancan haske, sun sha wajen megajul 300 daga layin wuta, sama da yunit 80. Kuma duk abin ya faru ya ƙare cikin wani ɗan yanki na sakan da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Ya yi shiru, ina jin ƙarar babura ta bayansa. Sai ya ce, "Wato sun iya kunnawa, ba su iya riƙewa ba."

Ban taɓa jin wanda ya taƙaita fannin nan kamar haka ba, har cikin malamaina. Kuma daga sana'arsa ya ɗauko ta. Duk yaron da ya zo koyon walda, ranar farko zai iya goga sanda a jikin ƙarfe wuta ta tashi. Abin da ke cin watanni shi ne riƙe ta. In ka matso da yawa sandar ta manne, in ka ja baya wutar ta mutu, in hannunka na rawa ɗinkin ya fito duk ramuka. Tarihin bincikenmu na shekara saba'in da ɗoriya tarihin koyon riƙewa ne. Kunnawa an yi ta tun 1 ga Nuwamba 1952, ranar da Amurka ta tayar da bom ɗin haidurojin na farko a wani tsibiri na tekun Fasifik, tsibirin ya ɓace daga doron ƙasa. Ba wannan ake nema ba.

To da me za ka riƙe abin da ya kai digiri miliyan 100? Babu tukunyar da za ta ɗauka. Kuma abin da mutane ba su cika sani ba, filazmar ta fi tukunyar shiga haɗari. Siririya ce ƙwarai, duk man da ke cikin babbar na'ura a lokaci guda bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. Da ta taɓa bango sai ta huce, ƙurar ƙarfen da ta kankaro ta shiga cikinta ta kashe ta nan take. Wannan ne ma ya sa irin wannan tasha ba za ta kufce ta yi ta ci ba: in wani abu ya lalace, mutuwa wutar ke yi. Dabarar ita ce a rataye ta a tsakiyar fanko da ƙarfin maganaɗisu, tunda ƙwayoyinta masu lantarki ne, dole su bi layin maganaɗisun suna nannaɗe shi kamar yadda zare ke nannaɗe mazari. In layin miƙaƙƙe ne za su zube ta baki biyu, shi ya sa ake lanƙwasa shi ya ciji wutsiyarsa. Siffar da ake samu ita ce ta gammo. Duk sanda zan yi wa ɗan gida bayani da gammo nake farawa, kuma ban taɓa ganin wanda bai gane ba.

Mutum biyu a Tarayyar Sobiyet, Igor Tamm da Andrei Sakharov, suka tsara gammon da ake kira tokamak a farkon shekarun 1950. A Amurka kuma Lyman Spitzer na Princeton ya fito da nasa a 1951, murɗaɗɗe, wanda ake kira sitelareta. Kowa a ɓoye yake aikinsa a lokacin, ana zaton sirrin yaƙi ne. A Janairun 1958 Ingila ta yi shelar cewa na'urarta ZETA ta kusa kai gaci, jaridu suka ɗauka, bayan 'yan watanni aka janye maganar don niyutiron ɗin da aka gani, wato ƙananan ƙwayoyi marasa lantarki da haɗewar ke fitarwa, ba daga inda ake zato suka fito ba. A shekarar ne aka yi babban taro a Janeba kowa ya baje abin da ya ɓoye, sai aka tarar duk ciwo ɗaya ke damunsu: filazma ba ta zama wuri ɗaya. Tana murɗewa, tana kumbura ta gefe, tana yoyo ta inda lissafi ya ce ba za ta yi ba.

Labarin da na fi so a duk tarihin nan na 1969 ne. Shekara guda kafin nan, a wani taro a Nobosibirsk, Rashawa ƙarƙashin Lev Artsimovich suka ce tokamak ɗinsu T-3 ya kai wajen digiri miliyan 10, abin da ya ninka na kowa. Mutanen Yamma ba su yarda ba. Artsimovich bai tsaya musu ba, ya gayyaci masana daga Culham ta Ingila su zo su auna da kansu. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Turawan nan suka kwashi na'urar lezarsu mai nauyin tan-tan suka tafi Mosko, suka zauna watanni a Cibiyar Kurchatov suna harba haske cikin filazmar suna duba yadda yake warwatsuwa. Gani ya kori ji: Rashawa gaskiya suka faɗa. Cikin 'yan shekaru duniya ta koma gina tokamak, har Princeton ta sauya sitelaretarta ta mayar da ita tokamak. Abin da ke burge ni a nan shi ne mutumin da aka ƙaryata ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya ce wa abokan hamayya su shigo da ma'auninsu. Wannan ɗabi'a ta zauna a fannin har yau, kuma tana cikin abin da ya riƙe ni a ciki.

Daga nan tafiyar ta zama ta ƙara girma da ƙara sani. A 1982 Friedrich Wagner, yana aiki da na'urar ASDEX a Garching ta Jamus, ya ga in an ƙara wa filazma zafi ya wuce wani mataki, sai ta yi wa kanta wani irin shinge a gefe, riƙon zafinta ya kusa ninkawa. Ba wanda ya yi hasashen haka, na'urar ce ta nuna. A 1983 aka kunna JET a Culham, tokamak ɗin da ƙasashen Turai suka yi taron dangi suka gina. A 1997 ya ba da megawat 16 na ɗan lokaci, kusan kashi biyu cikin uku na zafin da aka zuba masa. A Oktoban 2023, ana saura 'yan makonni a rufe shi bayan shekara 40 yana aiki, ya fitar da megajul 69 cikin sakan biyar da ɗan kai, daga man da nauyinsa miligiram 0.2 ne kacal. A lissafin mita, zafin yunit 19 ke nan daga abin da in an ɗora maka a tafin hannu ba za ka gan shi ba. Duk mai son ya san dalilin da ya sa mutane ba su haƙura da wannan nema ba, ya dubi lambobin nan biyu.

Tsawon riƙewa ma yana ta ƙaruwa. A Janairun 2025 na'urar EAST da ke Hefei ta Sin ta riƙe filazma sakan 1,066. Wata guda bayan nan WEST ta Faransa ta yi sakan 1,337, minti 22 ke nan da 'yan kai. Sitelareta ma ta dawo da ƙarfinta: Wendelstein 7-X da ke Greifswald a arewacin Jamus, mai murɗaɗɗun maganaɗisu 50 da kwamfuta ta zana siffarsu, ta yi minti takwas a 2023. Sai dai waɗannan gwaje-gwajen riƙewa ne, ba a sa musu tiritiyum ba, ba wuta suke samarwa ba.

Ni nawa aikin a gefen gammon yake, inda ba a cika ɗaukar hoto ba. Komai ƙwarewar maganaɗisu, dole zafi ya fita ta wani wuri, kuma dole a kwashe tokar, wato hiliyum ɗin da haɗewar ta haifar. Don haka ake karkatar da bakin filazmar zuwa wani kwari a ƙasan na'urar, ya sauka kan faranti da aka tanada. Wurin nan ne kaɗai aka yarda wutar ta taɓa abu. A babbar na'urar da ake ginawa yanzu, kowace murabba'in mita ta farantin za ta ɗauki megawat 10. Rana tsaka a watan Afrilu a Sakkwato, abin da ke sauka a kan murabba'in mita wajen kilowat ɗaya ne. Ka ninka wannan sau dubu goma. Ƙarfen da aka zaɓa tungistin ne, wanda sai ya kai digiri 3,422 yake narkewa, irin wanda ake yin zaren tsohon ƙwan fitila da shi. Ana yanka shi ƙanana, a zura bututun tagulla ta cikinsu, ruwa na gudu yana kwashe zafin.

Na'urar ɗakinmu ƙarama ce, miƙaƙƙiya, tsawonta bai fi mota ba. Ba ta haɗa ƙwayoyin zarra, aikinta ta kwaikwayi wancan gefen don mu ga yadda filazma ke yi in ta tunkari ƙarfe, da yadda za a fesa mata ɗan iskar gas ta saki zafinta ya zama haske kafin ta iso farantin. Kafin a kunna ta sai an zuƙe iskar ciki kaf, famfuna na aiki kwana biyu, an naɗe jikinta da abin ɗumama don danshin da ya maƙale a bango ya fita. Akwai makon da ma'aunin ya ƙi sauka. Kwana uku ina zagaya na'urar da siririn tiyo ina fesa hiliyum a kowace mahaɗa, ina kallon allo in ga inda zai shiga. A rana ta uku da la'asar allurar ta yi tsalle a wata ƙaramar taga. Muka kwance, sai ga silin gashi ɗaya kwance a kan zoben robar da ke toshe bakin. Sili ɗaya. Muka goge da alkohol, muka ɗaure, muka sake jiran kwana biyu.

Amma ranar da ta kama, ana kashe fitilun ɗakin, ka leƙa ta tagar. In iskar gas ta argon aka sa, wani shuɗi ne mai ratsin shunayya, in haidurojin ne sai ya yi ja-ja mai haske kamar ruwan zoɓon da aka sirka. Igiyar haske ce miƙe a tsakiyar fanko, ba abin da ya riƙe ta da ido zai gani, tana ɗan numfashi. Ka murɗa maɓallin maganaɗisu ka ga ta tsuke ta yi siriri, ka sassauta ta baje. Na gan ta sau ɗaruruwa, har yau in ta tashi sai na ce Subhanallahi a zuciyata.

Ma'aunina ɗan tsinken tungistin ne da ake zurawa cikin filazmar a fizge shi da sauri, sunan Langmuir ɗin nan yake ɗauke da shi. Wata rana na'urar da ke fizgo shi ta yi jinkiri kaɗan, bai kai sakan ɗaya ba. Da muka fito da shi bakin ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai sheƙi. Ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe jure wuta, a ƙaramar na'ura irin tamu. Na sa shi a ɗan kwalba na ajiye.

Akwai sauran ƙulli biyu da ba na ɓoye wa kowa. Na farko tiritiyum. Ba a tono shi, don rabinsa na lalacewa duk shekara 12.3. Wanda ake da shi yanzu mafi yawansa daga tashoshin nukiliya irin na Kanada yake fitowa, kuma duk na farar hula a duniya 'yan kilo gommai ne. Tashar gaske dole ta riƙa haifar nata: a lulluɓe bangon da litiyum, niyutiron da ke fitowa daga haɗewar su buge shi ya zama tiritiyum, a tace a mayar ciki. A takarda lissafin ya fita. Ba a taɓa yin sa a babbar na'ura ba tukuna. Na biyu su niyutiron ɗin da kansu. Su ke ɗauke da kashi huɗu cikin biyar na makamashin, maganaɗisu ba ya riƙe su, kuma shekara da shekaru suna ratsa ƙarfe suna gurɓata tsarinsa har ya yi gautsi. Sharar da za a samu ba irin ta yuraniyum mai dubban shekaru ba ce, amma wanda ya ce babu shara sam bai faɗi daidai ba.

Na'urar da aka ɗora wa buri ita ce ITER, a Cadarache da ke kudancin Faransa. Maganarta ta taso ne a ganawar Reagan da Gorbachev a Janeba a 1985, aka zaɓi wurin a 2005, aka sa hannu a 2006. Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu ne ke gina ta, kowa na ƙera nasa ɓangaren a gida ya aiko. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki, kuma wannan na ci mini rai duk sanda na shiga taro na duba ɗakin. Nauyinta tan 23,000. Maganaɗisunta za a sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, 'yan mitoci kaɗan daga filazma mai digiri miliyan 150. Abin da ake so ta nuna shi ne a zuba megawat 50 na zafi a sami 500. Ko ƙwan fitila ɗaya ba za ta kunna wa kowa ba, gwaji ce. A Yulin 2024 shugabanta Pietro Barabaschi ya sanar da sabon jadawali: bincike zai fara a 2034, gwaji da tiritiyum sai 2039, da ƙarin kuɗi wajen Yuro biliyan biyar. Ranar na koma ɗakina jikina a sanyaye, na lissafa shekarun da zan kai a 2039, na lissafa na Baba.

Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke cewa za su riga ta. Wasunsu da abin nunawa a hannu: a Satumban 2021 Commonwealth Fusion Systems da jami'ar MIT suka gwada sabon maganaɗisu da ƙarfinsa ya kai tesla 20 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wanda zai sa a iya gina tokamak ƙarami mai ƙarfi, kuma suna gina nasu mai suna SPARC a jihar Massachusetts. Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya. Amma duk wanda ya ba ka shekarar da zai sayar maka da wuta, tambaye shi ina zai samo tiritiyum, kuma bangonsa shekara nawa zai yi kafin a sauya.

Saboda haka amsata ga 'yan uwa ita ce kada kowa ya jira mu. Wutar da rumfar Baba ke bukata bana, da wadda asibitin garinku ke bukata, daga faifan sola da gas da madatsun ruwa da gyaran layukan da ake da su za ta zo. Abin da muke yi na jikoki ne, in Allah ya sa ya yiwu, kuma na yi imani zai yiwu, don duk shekara goma abin da ake iya riƙewa ƙaruwa yake yi, ba a tsaye ake ba. Abin da nake roƙo shi ne yaranmu masu son lissafi da kimiyya su san fannin nan yana nan, kuma ba hannun masana filazma kaɗai yake nema ba. Yana neman masu ilimin ƙarfe, da masu sanyaya na'ura, da masu rubuta manhajar kwamfuta, da masu walda.

Da na je gida hutun da ya wuce na tafi wa Baba da kwalbar nan. Na same shi a rumfa da hantsi, an ɗauke wuta, yaransa biyu na goge wata ƙofa da burushin ƙarfe. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna mini benci. Ya juye ɗan tsinken a tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama yana juya shi a haske, ya gwada shi da farce.

"Ka bar shi ya daɗe a ciki," ya ce.

"Bai kai sakan ɗaya ba, Baba."

"Ai ya daɗe ke nan."

Sai na ba shi labarin abin da ya jawo wa ITER wani ɓangare na jinkirinta. Tukunyar da filazmar za ta zauna a ciki gida tara aka ƙera ta, kowane yanki ya haura tan 400, wasu a Koriya wasu a Turai, za a jera su a yi musu walda su zama gammo ɗaya. A 2022 aka gano bakunan wasu yankunan, inda ɗinkin zai bi, sun kauce daga awon da aka tsara, har sai da aka fito da wanda aka riga aka saka a ramin don a gyara. Nan ya gyara zama. Ya tambaye ni kaurin ƙarfen, na ce bango biyu ne, kowanne santimita shida. Ya tambaya ko tun wajen haɗa ƙananan gutsattsarin ne zafi ya ja ƙarfen, na ce abin da aka bayyana ke nan. Ya girgiza kai a hankali, ya kira babban yaron nasa ya ce ya zo ya ji, ya sa na maimaita. Sannan ya ɗauko wasu guntayen ƙarfe biyu daga ƙasa ya haɗa bakinsu, yana nuna mana da babban yatsa yadda ɗinki ke jan ƙarfe ya lanƙwaso ta gefen da aka fara, da yadda shi yake ɗan ɗiga wuta nan da can ya kama aikin kafin ya bi layin gaba ɗaya.

Muna cikin haka yaran unguwa suka sa ihun an kawo wuta, injin da ke kusurwa ya fara gurnani. Ya mayar da tsinken cikin kwalbar, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce wannan ya zama nasa. Ya ɗauki sanda ya maƙala, ya jawo gilashinsa, ya ce mini, "Juya bayanka."